Malam Duan da "No" Mai Hawa Uku

A gyara zama, a rage ƙarar waya, mai shan romon taliya ya ajiye kwanonsa. Ga Malam Duan Shouli nan tafe: fitilar kasuwarmu, rijiyar Turanci, ƙamus mai ƙafa biyu, mutumin da ya taka ƙasar Ingila da takalminsa ya kuma dawo da hoto. Duk Sinawan da ke neman abinci a wannan kasuwa ta Dubai, daga masu labule har masu injin ban ruwa, babu wanda ya kama ƙafarsa a harshen Turawa. Magana ce tabbatacciya, don daga bakinsa muka ji ta.

'Yan hassada suna cewa wai yawon buɗe ido ya je da ƙungiyar tsofaffin garinsu, wai rabin tafiyar a cikin bas ya yi ta yana barci. Kada ku saurare su. Mutumin da bas kawai ya shiga ba zai dawo da ɗabi'a irin wannan ba. Ku dube shi da kyau. A garin da sitiyarin mota ke ƙona hannu, Malam Duan kwat ɗin ulu yake sawa, da mayafin wuya mai zane-zane, da laima baƙa a rataye a gwiwar hannu. Gumi na bin bayan kunnensa yana ɗiga a kwala, shi kuwa ko gezau. Ya ce Bature na asali ba ya barin yanayi ya zaɓar masa tufafi.

Da safe yana sayar da tabarau na karatu a wani lungu na shagon ƙanin matarsa, tsakanin ƙofa da kwandon shara. Ba ya kiran wannan sana'a. Hidimar idanun al'umma yake ce mata. Aikinsa na gaskiya sai bayan azahar, lokacin da kasuwa ta yi sanyi, a ɗakin ajiyar kaya da ke saman shagon Kawu Ruan mai tayil da kayan banɗaki. Nan ne makarantar. Kujerunmu masai ne na tangaran, sababbi fil, an rufe murafensu. Malam shi ma a kan nasa yake zama, amma nasa mai ruwan zinariya ne, irin wanda Larabawa ke saya, kuma ya ɗora shi a kan kwalaye don ya fi namu tudu. Ni uwata ce ta tura ni can, bayan na bar kwaleji na dawo shagon labulenta ina latsa waya. Ta ce ko ban koyi komai ba, aƙalla za ta huta da ganina.

Wani malamin da ba shi da zurfi zai fara da yadda ake gaida mai saye, ko yadda ake faɗin launi da girma. Malam Duan ya fi ƙarfin wannan. Tun daga shigowar zafi har fitarsa kalma ɗaya muke kai: no. Wato a'a.

"Jahili yana ganin ƙaramar kalma ce," in ji shi, yana buɗe filas ɗin shayinsa a hankali. "Haruffa biyu! To ku sani, bene ce mai hawa uku. Idan aka miƙa wa mutum mai daraja abu, no ɗin farko hawa na ƙasa ne. Yana nuna shi ba mayunwaci ba ne. Na biyu hawa na tsakiya, yana nuna iyayensa sun yi masa tarbiyya. Sai an roƙe shi a karo na uku sannan ya sunkuyar da kai ya karɓa, kamar an ɗora masa kaya. Haka muke yi a gida, haka manyan Turawa suke yi. Mutunci ba shi da ƙasa. Ni na zauna a cikinsu, na gani."

Gaskiya haka muke yi a gida. Kakata ta taɓa kokawa da maƙwabciyarta a bakin ƙofa a kan kwandon lemo, wannan na turawa waccan na turowa, har kwandon ya yage, kuma dukkansu sun san a ƙarshe za a karɓa. Abin da ba mu sani ba shi ne ashe har Ingila ake yin haka. Da ba don Malam ba, da mun mutu cikin duhu.

Darasin kuwa da gwaji ake yi. Malam zai ɗauko lemo ɗaya ya miƙa maka. Ka ce no, kana kaɗa hannu. Ya sake miƙowa. Ka ce no, no, ka ja da baya har murfin masai ya yi ƙara. A na uku ka karɓa da hannu biyu, fuska cike da baƙin ciki. Lemon nan ya zaga ajin har ya yi laushi, babu wanda ya taɓa ɓare shi.

Sai ranar da Yaya Bao ya zo. Yaya Bao mai rigunan waya ne, ƙato, muryarsa kamar lasifika, Turancinsa kuwa tarkace ne da ya tsinta a bakin masu saye, yana jefa shi yadda ya ga dama. Malam ya miƙa masa lemo. Yaya Bao ya ce yes, ya fizge, ya ɓare, ya watsa rabi a baki.

Malam ya nuna masa ƙofa.

"Fita," in ji Malam. "Ka ci kayan koyarwa."

"To Malam ai kai ka ba ni."

"Na ba ka ne don ka ƙi!"

"Da ka faɗa tun farko. Akwai wani? Wannan ya kwana biyu."

Tun daga ranar Yaya Bao ya zama abin misali a ajinmu. Duk wanda ya yi saurin miƙa hannu, sai Malam ya ce, "Kana so ka ƙare kamar Bao?" Shi kuwa Bao yana can ƙasa yana ciniki, yana ihu da Turancinsa, shagonsa cike.

Ilimi mai nauyi ba ya rasa 'yan matsaloli idan ya sauko kasuwa. Gwaggo Miao mai fitilu ita ce ɗalibar da ta fi kowa biyayya. Wani Bature ya tsaya yana kallon wata fitilar silin mai reto, ta ce ya saya, ya ce no. Gwaggo ta yi murmushi, ta ce a ranta ga ɗan mutunci, yana hawa na ƙasa. Ta sauko da fitilar. Ya ce no, no. Gwaggo ta ji daɗi ƙwarai, ta naɗe ta a kwali. Mutumin ya fita da sauri, ita kuma ta rungumi kwali ta bi shi, ta ratsa layin masu katifa, ta ratsa layin masu keke, har wurin ajiye motoci, tana jiran ya sunkuyar da kai. Bai sunkuyar ba. Ya shige mota ya kulle ƙofa.

"Malam, ya gudu fa," ta ce washegari, tana shafa man zafi a gwiwa. "Har na uku na yi masa. Har na huɗu."

Malam ya lumshe ido. "Wane irin takalmi ya sa?"

"Silifa."

"Shi ke nan. Ba Bature na asali ba ne. Ɗan Ostareliya ne."

Kawu Ruan shi ma ya ɗanɗana. Wani Bature ɗan kwangila da ke sayen tayil a wurinsa ya gayyace shi gida gasa nama. Kawu ya ƙi cin komai tun safe don ya bar wuri. Aka miƙo masa faranti, haƙarƙari na ɗigar da mai, ya ce no cikin ladabi. Maigidan ya ce to, ya wuce da farantin gaba. Kawu ya zauna a kujerar roba yana riƙe da kofin ruwa, yana kallon yara suna ba kare ragowar.

"Cikina har kuka yake yi, Malam, matar gidan ta ɗauka wayata ce."

"Ka dawo da yunwa," in ji Malam, "amma ka dawo da mutuncinka."

"Mutuncin ne na dafa masa taliya da na koma gida."

Ban ce yunwar nan ce ta jawo ba, amma a makon ne Kawu Ruan ya sanar cewa kwantenarsa na kan hanya, ɗakin sama zai cika da kaya har silin, makaranta ta nemi wani wuri kafin ƙarshen wata. Malam ya karɓi labarin da dauriya. Ya ɗaga kai ya dubi fanka. Amma ni da nake zaune a masai na gaba na ga yadda hannunsa ya kasa rufe filas. Babu ɗaki, babu aji. Babu aji, babu mai kiransa Malam. Sai lungun tabarau daga safe har yamma, da ƙanin matarsa da ke kiransa "Yaya, matsa in wuce da tsintsiya."

Ana cikin haka sai labari ya zo daga ofishin kasuwa. Za su buɗe ajin Turanci na gaske don 'yan kasuwa: ɗaki mai na'urar sanyi, farin allo, kujeru masu jingina, sunan malami a jikin ƙofa, da katin aiki da ake ratayawa a wuya. Mai kula da shirin wata 'yar Sikotlan ce, Madam Moira, doguwa, mai gajeren gashi, tana tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Tana neman Basine da zai jagoranci ajin. Kowa ta tambaya sai ya ce mata ai akwai Malam Duan, don gaskiya babu wani da ke yawo da laima. Aka ce za ta zo walimar da ƙungiyar 'yan kasuwa ke shiryawa don bikinmu na Sinawa na tsakiyar kaka, a nan za ta yi masa tayi.

Malam bai nuna zumuɗi ba ko kaɗan. Abin duniya bai dame shi ba. Kawai dai ya kai kwat ɗinsa wanki, ya rina gashi har ya fi na jariri baƙi, ya buga katin suna mai ɗauke da "Shugaban Sashen Harsuna", ya kuma sa aka sassaƙa masa allon tagulla na ƙofa. Wai don kada ofis su wahala.

Darasi ya tsaya, aka koma atisaye. Gwaggo Miao ce ke kwaikwayon Madam. Za ta miƙe ta ce, "Malam, ka karɓi ajin nan," shi kuma ya gwada ƙin karɓa iri-iri, muna zaɓar masa wanda ya fi kyau.

"Wannan fa? Da hannu a ƙirji, ko hannu a sama?"

"A ƙirji, Malam. Na saman kamar kana tsayar da tasi."

Kawu Ruan ya yi gyaran murya. "Malam, ni dai da za ka ji tawa, ka karɓa tun a na farko. Na ga yadda farantin nan ya wuce ni. Ba ya dawowa."

Malam ya dube shi da tausayi. "Ruan, kai tayil ka sani. Ɗan kwangila daban, shugabar ofis daban. Mace mai ilimi ce. Idan na ce yes kamar Bao, me za ta ɗauke ni? Mai neman aiki?"

"To ba shi kake nema ba?"

"Aiki ne yake nemana."

Ranar walima aka cika gidan abincin da ke bayan kasuwa. Jajayen fitilu, tebura masu zagaye, wainar wata da ake ci a wannan biki a jere a faranti, ƙaguwa da jatan lande da kifi mai kai da jela. Kafin a zauna sai da aka yi rigimar da aka saba a kan kujerar girma, wadda ke fuskantar ƙofa. Shugaban ƙungiya ya ja Malam, Malam ya tirje, aka ja shi, ya tirje, aka sake ja, ya faɗa kujerar yana nishi kamar an zalunce shi. Ya juyo ya kalle mu ɗalibansa, girarsa a sama. Kun gani? Hawa uku.

Madam Moira tana gefensa tana fama da tsinkayen cin abinci. Yaya Bao yana ɗaya ɓangaren teburin, ba wanda ya gayyace shi wannan tebur, amma ya ga a nan ƙaguwa ta fi yawa.

Malam ya fara da jawabi. Ya yi mata bayanin hazon Landan. Ya yi mata bayanin yadda ake zuba madara a shayi. Ya tambaye ta ko Sikotlan tana kusa da Ingila, ya kuma tabbatar mata cewa ya ji ana yabon wurin. Madam tana gyaɗa kai tana duba agogo. Da ya tsaya shan ruwa sai ta yi wuf ta shiga. Ta yi magana a hankali, dalla-dalla, har ni da rabin kwalejina na gane. Ta ce ofis zai ji daɗi idan Malam Duan ya karɓi ajin, a fara farkon wata.

Gwaggo Miao ta damƙe hannuna.

Malam ya miƙe. Ya gyara mayafin wuya. Ya ɗora hannu a ƙirji.

"No," ya ce. Kai, ban taɓa jin no mai kyau irin wannan ba. Ya fito a hankali, da ɗan rawar murya a ƙarshe. Sannan ya bi shi da ado: shi wane ne? Tsoho ne mai ƙaramin sani. Turancinsa ya yi tsatsa. Akwai dubunsa a kasuwa da suka fi shi. Ɗora masa wannan nauyi zalunci ne ga ɗalibai.

Sinawan teburin suka yi ta gyaɗa kai cikin sha'awa. Shugaban ƙungiya har ya ɗan tafa.

Madam ta ɗan ɓata fuska. "Ayya. Ka tabbata?"

Idon Malam ya yi ƙyalli. Hawa na tsakiya! Ya waiwayo ya dubi Kawu Ruan don ya shaida.

"No, no, no," ya ce, yana kaɗa hannu biyu, yana ja da baya har ya bugi mai kawo miya. Ya ce idonsa ya raunana. Ya ce lafiyarsa sai a hankali. Ya ce ko an ɗaure shi ba zai iya ba. Sannan ya tsaya, ya haɗa tafukan hannu a gaba, ya fara sunkuyar da kai tun kafin a tambaya. Ta cikin aljihun kwat ana hango gefen allon tagulla.

Muka jira.

Madam ta ce to, ta gane, lafiya ita ce gaba da komai, Allah ya ƙara sauƙi. Ta ɗauki wainar wata ta gutsura. Ta tauna. Ta ce akwai daɗi, mene ne a ciki?

Kan Malam yana nan a sunkuye.

Sai ta dubi sauran teburin ta ce, tunda haka ne, ko akwai wanda ya san wani da zai iya?

"Yes!"

Yaya Bao ne, hannu a sama, ƙafar ƙaguwa a cikin hannun. "Ni! Yes! Ni malami! Gobe ma!"

Madam ta yi dariya, ta yi masa tambaya biyu-uku, ya amsa da ihu, rabi daidai rabi Allah kaɗai ya san me ya ce, amma bai yi shiru ko sau ɗaya ba. Ta ba shi katinta, ta ce ya zo ofis su gwada shi. Ya karɓa da hannu ɗaya, mai maiƙon.

"Malam, ɗago kan," in ji Kawu Ruan a hankali. "Farantin ya wuce."

Gwaggo Miao ta tura masa waina. "Ci wani abu, Malam."

"No," ya ce, ba tare da ya sani ba. Gwaggo ta janye farantin. Ita ma ta fara koyo.

Madam ta miƙe, ta yi godiya, ta ce tana da taro. Ta fita da saurin nan nata. Malam ya tsaya kamar an dasa shi, yana kallon ƙofa tana lilo. Sai kawai muka ga abin da ba a taɓa gani ba a kasuwar nan: Malam Duan yana gudu. Laima ta faɗi, bai waiwaya ba. Na ɗauke ta na bi shi, don irin wannan kallo ba a ba mutum labari.

Ya cim mata a wurin ajiye motoci, rana na dukan kwalta, rinin gashinsa ya fara gangarowa ta gefen kunne. Ta riga ta buɗe ƙofar mota. Ya tsaya yana haki, ya gyara kwat, ya tattaro ragowar girmansa.

"Madam," ya ce, "an samu ɗan kuskure a tsari. Ba laifinki ba ne, aiki ya yi miki yawa. Kin tambaya sau ɗaya, na ƙi, daidai. Kin tambaya sau biyu, na ƙi, daidai. Saura na uku. Kowane mai tarbiyya ya san a na uku ake karɓa. Haka ake yi a Landan, na zauna a can. Ba sai mun koma ciki ba, nan ma ya wadatar. Ga ɗalibina zai zama shaida. Bismillah, tambayi."

Ya haɗa hannu. Ya sunkuyar da kai. Allon tagulla ya zame daga aljihu ya faɗi a kan kwalta, sunansa na sama yana walƙiya.

Madam Moira ta dubi allon. Ta dubi laimar da ke hannuna. Ta dube shi. Ta sa baƙin tabarau.

"Ka ce no, Malam Duan," ta ce. "Tun na farko na ji ka."